Wasan Ƙwallo Cikin Ƙanƙara: Yadda 'Yan Wasa Da 'Yan Kallo Ke Fama Da Tsananin Sanyi

Ranar Lahadi 31 ga watan Disamba, 1967, mutanen Green Bay, wani ƙaramin birni na Jihar Wisconsin da ke arewacin Amurka, suka wayi gari suka tarar motocinsu da yawa sun ƙi tashi, don cikin dare wata iska mai tsananin sanyi ta sauko musu daga arewa. Ran nan ne kuwa aka shirya wasan ƙarshe na neman zakara tsakanin ƙungiyar garin, watau Packers, da ƙungiyar Cowboys ta birnin Dallas. Ko da lokacin fara wasa ya yi, ma'aunin zafi yana nuna digiri 25 ƙasa da sifiri a ma'aunin santigireti. Duk da haka mutum 50,861 suka fito, suka zazzauna bisa bencuna a fili, ba rufi, ba bango mai tare iska.

Domin mai karatu ya gane abin da ake nufi da wannan adadi, sai ya tuna da sanyin muku-muku irin wanda akan yi a Jos ko Kano a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe kan tsage, kaushi ya farfasa diddige, yara su kewaye wuta da sassafe, tsofaffi kuwa su ƙi fitowa sai hantsi ya dubi ludayi. To, wannan sanyi da ake kuka da shi galibi bai wuce ma'auni ya sauko wajen digiri 10 sama da sifiri ba. Ruwa ba ya daskarewa sai an kai sifiri. Ashe ke nan abin da ke tsakanin sanyin hunturu da sanyin Green Bay na ran nan ya fi abin da ke tsakanin hunturu da zafin bazara.

Wasan da suka taru su kalla shi ne ƙwallon Amurkawa, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai. Kowane gefe mutum goma sha ɗaya ne, suna sanye da hular kwano da matasai a kafaɗa, ana ɗaukar ƙwallon da hannu, ana jifa, ana kokawa da bangaza, har a tsallake da shi layin gidan abokan karawa. Ana fara kakar wasan cikin Satumba, saboda haka manyan wasannin ƙarshe sukan faɗo daidai tsakiyar sanyi.

Alƙalin wasa Norm Schachter ya sa usur na ƙarfe a baki don buɗe wasa, sai usur ya manne masa a leɓe. Da ya fizge shi sai fata ta biyo, jinin da ya fito kuwa maimakon ya zuba sai ya daskare nan take. Daga nan alƙalai suka ajiye usur, suka ƙarasa wasan da murya da alamun hannu. 'Yan badujala na wata jami'a da aka gayyato su yi kiɗa lokacin hutu ba su sami yi ba, gama kayan busarsu sun daskare, wasu daga cikinsu ma sai da aka kwashe su zuwa asibiti. Saura daƙiƙa 16 a tashi, Dallas na gaba da maki 17 da 14, sai jagoran 'yan wasan Packers, Bart Starr, ya ga abokansa ba su iya tsayawa da ƙafafunsu saboda santsi, ya rungumi ƙwallo da kansa ya kutsa. Aka tashi Packers na da 21, Cowboys na da 17. 'Yan wasa da dama na kowane gefe sun koma gida da ƙunar sanyi a yatsu, wani dattijo kuma daga cikin 'yan kallo ya rasu. Har yau Amurkawa na kiran wannan wasa Ice Bowl, watau wasan ƙanƙara.

Abin Da Sanyi Ke Yi Wa Jiki

Zafin cikin jikin ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa ne wajen digiri 37, kuma jiki ba ya yarda ya sauka daga nan sai ƙarfinsa ya ƙare. Idan sanyi ya taso, abu na fari da jiki kan yi shi ne ya tsuke ƙananan hanyoyin jini na fata da yatsu da hanci da kunne, ya janye jini zuwa ciki don ya kare zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Na biyu kuwa shi ne makyarkyata, wadda ba kome ba ce illa tsoka na motsi da sauri don ta haifar da ɗumi.

Wannan dabara tana ceton rai, amma gaɓoɓin da aka janye wa jini su ne ke biyan bashin. In sanyi ya ci gaba, ruwan da ke cikin naman yatsa yakan daskare, fata ta yi fari ko toka-toka, ta yi tauri, mutum ya daina jin wurin sam. Wannan ita ce ƙunar sanyi, kuma mugun halinta shi ne zafin ciwon yakan ɗauke daidai lokacin da ɓarna ta fi tsanani. Idan naman ya mutu, ba makawa sai an yanke. Haɗari na biyu shi ne zafin cikin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35. A nan mutum yakan fara ruɗewa, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, barci ya riƙa fizgarsa, in ba a yi hanzari ba zuciya ta tsaya.

Iska ita ce ke ƙara wa al'amarin muni, domin tana kwashe ɗan ɗumin da ke lulluɓe da fata da zarar jiki ya samar da shi. Saboda haka masana yanayi kan ba da adadi biyu, na ma'auni da kuma na yadda jiki ke ji in an haɗa da iska. Idan wannan adadi na biyu ya kai wajen digiri 28 ƙasa da sifiri, fatar da ba a rufe ba tana iya ƙonewa cikin minti 30. Wasan ƙwallon Amurka kuwa yakan ɗauki sa'a uku ko fiye.

Dabarun 'Yan Wasa

Ɗan wasa yana cikin tsaka mai wuya, domin in ya jibga tufafi ba zai iya gudu ba, in kuma ya rage sanyi ya kama shi. Bugu da ƙari, gumi babban abokin gaba ne, gama rigar da ta jiƙe tana zuƙe ɗumin jiki fiye da busasshiya nesa ba kusa ba. Don haka a yau sukan sa 'yar riga mai kama jiki wadda aka saƙa da zaren da ba ya riƙe gumi, su sauya ta lokacin hutu. Shahararren ɗan wasan nan Tom Brady, lokacin da yake wasa, har rigar masu nutso a teku yakan sa a ƙarƙashin rigar wasa in sanyi ya yi yawa.

Masu jefa ƙwallo da masu cafewa sukan ɗaura wata 'yar jaka a ƙugu mai baki biyu, su riƙa cusa hannu ciki tsakanin wasa da wasa. A cikin jakar akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle na garin ƙarfe da gishiri da gawayi. Da zarar iska ta shiga sai garin ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, tsatsar nan kuwa ita ce ke fid da ɗumi na sa'o'i. Irin waɗannan ƙulle-ƙulle akan sa su cikin takalma da safar hannu. Rashin wannan dabara ya cuci Dallas a 1967, domin an ba da labari cewa gwanin gudunsu Bob Hayes yakan cusa hannu cikin wando duk lokacin da ya san ba shi za a jefa wa ƙwallo ba, 'yan Packers kuwa suka lura, suka riƙa gane shirin abokan karawarsu tun kafin a fara.

A gefen fili akwai bencuna masu hura iska mai zafi daga ƙasa, da wasu sanduna inda ake kifa hular kwano don matashin cikinta kada ya sandare, da manyan na'urori masu feso zafi, da riguna masu kama da alkyabba da ake yafa wa wanda ya fito hutawa. Maimakon ruwan sanyi akan ba su romon kaza mai zafi, wanda ke ɗumama ciki ya kuma mayar da gishirin da aka zubar. Wajibi ne a matsa musu su sha, don mutum ba ya jin ƙishirwa cikin sanyi alhali ruwan jikinsa na fita ta numfashi da gumi.

Akwai kuma masu ɗaukar sanyi a matsayin fagen nuna jarunta. Ranar 10 ga Janairu, 1982, a birnin Cincinnati, ma'auni na nuna digiri 23 ƙasa da sifiri ga kuma iska mai ƙarfi, ƙartin da ke layin gaba na ƙungiyar Bengals suka fito da damatsa a waje, sun shafe su da man basilin kaɗai, don su karya zuciyar baƙinsu na San Diego waɗanda suka saba da ƙasa mai ɗumi. Suka kuwa ci su 27 da 7. Man basilin yana ɗan tare iska, yana hana fata tsagewa, amma ba ya maye gurbin riga. Bud Grant, wanda ya daɗe yana horar da ƙungiyar Vikings ta Minnesota, ya haramta wa 'yan wasansa na'urar ɗumama jiki a gefen fili, a ganinsa wanda hankalinsa ke kan wuta ba zai kula da wasa ba. A Janairun 2016, yana da shekara 88, ya fito tsakiyar fili don bikin buɗe wasa sanye da riga mai gajeren hannu, ma'auni na nuna digiri 21 ƙasa da sifiri. Jama'a suka yi ta sowa, sai dai shi minti kaɗan ya yi a waje, su kuwa masu sowar sa'a uku ke gabansu.

Gyaran Fili

Ƙasar da ta daskare ba ta da bambanci da daɓen siminti. Ƙusoshin takalma ba su kama ta, wanda ya faɗi kuwa kamar an maka shi da dutse. Ƙwallo ma yakan yi tauri, iskar cikinsa ta ragu, mai bugu ya ji kamar ya shuri kututture.

Tun 1958 ƙungiyar Everton ta Ingila ta binne wayoyin lantarki a ƙarƙashin ciyawar filinta na Goodison Park, ita ce ta fara yin haka a ƙasar. Amfanin abin ya bayyana a sanyin 1963, lokacin da ƙanƙara ta rufe filayen Ingila har zagaye na uku na gasar Kofin FA, wanda aka saba gamawa cikin 'yan kwanaki, ya ɗauki kwana 66. A Green Bay ma, mai horar da Packers, Vince Lombardi, ya sa an kashe dala 80,000 wajen binne wayoyi a filin Lambeau kafin wasan 1967. Amma aka kwana da tamfol a kan ciyawa, ɗumi ya tara raɓa a ƙarƙashinsa, da aka yaye tamfol sai raɓar ta daskare, na'urar kuma ta kasa. Daga baya aka sauya tsari, aka shimfiɗa bututu masu zagayawa da ruwan zafi haɗe da maganin hana daskarewa, irin tsarin da manyan filaye na ƙasashen sanyi ke amfani da shi.

Ciyawa ke nan an sama mata magani, amma wurin zaman jama'a sai shebur. A Janairun 2024 dusar ƙanƙara ta binne filin ƙungiyar Bills ta Buffalo, aka ɗage wasa daga Lahadi zuwa Litinin, ƙungiyar ta yi shela tana neman masu kwashe ƙanƙara a kan dala 20 kowace sa'a, magoya bayanta kuwa suka fito da daddare suka kama aiki.

Wahalar 'Yan Kallo

Ko shakka babu ɗan kallo ya fi ɗan wasa shiga haɗari. Ɗan wasa yana gudu, jikinsa na haifar da zafi, ga likita a kusa, ga ɗaki mai ɗumi lokacin hutu. Ɗan kallo kuwa a zaune yake ko a tsaye wuri guda, galibi ya iso tun sa'o'i kafin wasa, cikinsu akwai tsofaffi da yara da masu ciwon sukari ko na zuciya.

Mutanen da suka gaji sanyi kaka da kakanni suna da ƙa'idodinsu. Sukan sa tufa hawa uku: na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya na ulu mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska. Suna gudun auduga a jikin fata, domin in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri. Sun fi son safar hannu wadda ke haɗa yatsu huɗu wuri ɗaya, don yatsun su riƙa ɗumama juna. Ba su matse ƙafa da safa barkatai cikin ƙaramin takalmi, gama matsi na hana jini gudana. A filin Lambeau akan ga mutane da yawa cikin manyan riguna ruwan lemo irin na mafarautan barewa na jihar. Abin da baƙo zai fi mamaki shi ne ganin mutum ya sayi tikiti mai tsada, ga shi tafe da guntun kwali a hammata. Kwalin nan shimfiɗa shi yake yi ƙarƙashin ƙafa, don siminti yana zuƙe ɗumi ta tafin takalmi, kwali kuwa yana raba tsakani.

Babbar yaudara ita ce barasa. Mai sha yakan ji ɗumi ya game masa jiki, alhali abin da ya faru shi ne hanyoyin jinin fata sun buɗe, zafin da jiki ke tattali yana tsiyayewa waje, ga hankalin da zai gaya masa ya tashi ya nemi mafaka ya dushe. Likitoci kuma suna gargaɗi cewa yatsan da ya ƙone da sanyi ba a murza shi, ba a kuma kanga shi a wuta, sai dai a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi daidai jiki, a hanzarta zuwa asibiti.

Wanda ke zaton duk wannan tarihi ne, sai ya dubi abin da ya auku daren Asabar 13 ga Janairu, 2024, a Kansas City, inda Chiefs suka ci Dolphins ta Miami 26 da 7. Ma'auni na nuna digiri 20 ƙasa da sifiri, da iska kuwa ya kai wajen 33. Gashin bakin mai horar da Chiefs, Andy Reid, ya yi ƙanƙara, hular kwanon Patrick Mahomes ta fashe da aka yi karo. An yarda wa jama'a su shigo da barguna da kwali, an kuma tanadi wuraren jin ɗumi, duk da haka sai da aka kai wasu asibiti a daren. Bayan wata biyu wani asibiti na birnin ya bayyana cewa ya yanke wa mutum 12 gaɓoɓi, galibi yatsun hannu da na ƙafa, saboda sanyin waɗannan kwanaki, kuma cikinsu akwai waɗanda suka je kallon wasan.

Ƙwallon Ƙafa Ma Bai Tsira Ba

Ƙwallon ƙafa irin wanda aka saba da shi a Nijeriya yana da tasa matsalar, don ɗan wasa da gajeren wando yake, ba ya kuma fita ya ji ɗumi ya dawo. Doka ta yarda da safar hannu, ta kuma yarda da dogon wando mai kama jiki da rigar ciki muddin launin waɗannan biyun ya dace da kayan ƙungiya, amma a 2011 masu tsara dokokin wasan suka hana sa ƙyallen nan mai zagaye wuya, don gudun kada a shaƙe mutum da shi. In dusar ƙanƙara ta rufe fili akan sauya farin ƙwallo da mai launin lemo. Rasha da Jamus sukan tafi hutu a tsakiyar sanyi, Norwe kuwa daga bazararsu zuwa kaka take gasarta.

'Yan Nijeriya da dama sun ɗanɗana wannan. Ahmed Musa, wanda ya yi wasa a Kano Pillars, ya koma CSKA ta birnin Mosko a Janairun 2012, tsakiyar sanyin Rasha, ya kuma ci gasar ƙasar sau uku da ita. Victor Boniface ya yi wasa daga 2019 zuwa 2022 a Bodo/Glimt, can ƙuryar arewacin Norwe, inda rana kan yi wuyar gani cikin Disamba. A Nuwamban 2021, da Kanada ta ci Meziko 2 da 1 a Edmonton cikin sanyin digiri 9 ƙasa da sifiri, Sam Adekugbe, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, don murna ya yi tsalle ya faɗa cikin tulin dusar ƙanƙara da ke gefen fili.

Amma ba kullum abin ke ƙarewa da dariya ba. Ranar 2 ga Fabrairu, 2022, Amurka ta kai wasanta na neman shiga gasar Kofin Duniya da Honduras birnin Saint Paul na Jihar Minnesota, da daddare, cikin sanyin wajen digiri 16 ƙasa da sifiri. Amurka ta ci 3 da nema, amma 'yan Honduras biyu, mai tsaron gida Luis Lopez da Romell Quioto, ba su iya dawowa bayan hutu ba saboda sanyi ya kama su. Mai horar da su ya yi kuka ƙwarai, mutane da yawa kuma, har a cikin Amurka, suka ga cewa an mai da yanayi makami.

Alhakin Wa?

Hukumar gasar ƙwallon Amurka takan ɗage wasa saboda tsawa ko guguwa ko ƙanƙarar da ta toshe hanyoyi, amma ba ta da wani adadi na sanyi da ta ajiye wanda in an kai shi za a fasa. Masu goyon bayan haka suna cewa sanyi wani ɓangare ne na wasan, kuma ba wanda aka tilasta wa sayen tikiti. Masu suka kuwa suna nuni da cewa kamfanin da ya nuna wasan Kansas City ta intanet dala miliyan 110 ya biya, kuma an ajiye wasan da daddare ne, lokacin da masu kallo a gida suka fi yawa, sanyi kuma ya fi tsanani.

Gaskiya ne na'urori sun ci gaba tun daga 1967, amma yawancin ci gaban a cikin fili ya tsaya: an ɗumama ciyawa, an ɗumama benci, an ɗumama hular kwano. Mutumin da ke can saman bene, wanda kuɗinsa da sowarsa ke raya wasan, har yanzu bargo da kwali ne garkuwarsa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Wasan da aka ɗage ana iya yinsa gobe, kamar yadda aka yi a Buffalo cikin makon nan guda, amma yatsan da likita ya yanke ba ya sake tsirowa.